Me Ya Sa Zamiya a Kan Ƙanƙara Ke Kama Zuciyar Masu Yin Ta?

A ƙasar Holan akwai wata gasar zamiya a kan ƙanƙara da ake kira Elfstedentocht, wadda ke zagaya garuruwa 11 na lardin Friesland a kan koguna da tafkuna da hanyoyin ruwan da sanyi ya daskarar, tafiyar kusan kilomita 200 da ake farawa a kuma ƙare a birnin Leeuwarden. Ba a yin ta sai kaurin ƙanƙarar ya kai santimita 15 a tsawon hanyar, shi ya sa tun daga 1909 sau 15 kacal aka taɓa yin ta, kuma rabon da a yi ta tun ranar 4 ga Janairun 1997. Duk da haka ƙungiyar da ke shirya ta ba ta watse ba. Kowace shekara tana sabunta shirinta, dubban mutane suna biyan kuɗin zama mamba, kuma da zarar aka jera 'yan darare ana sanyin da ya wuce sifili, sai hankalin ƙasar ya koma kan ma'aunin kaurin ƙanƙara. Akwai magidanta a cikin masu jiran nan waɗanda ba a ma haife su ba lokacin da aka yi ta ƙarshe. Ruwa ba ya tsami banza, don haka ya dace a bincika abin da ke cikin wannan wasa da har yake riƙe mutane haka, ko a Holan, ko a Kanada, ko a Rasha da Japan, inda za ka tarar da mutum ya tashi da asuba cikin tsananin sanyi ya nufi filin ƙanƙara, ya faɗi ya tashi, ya koma gida da kumburi a gwiwa, washegari kuma ya sake dawowa.

Amsar tana farawa ne daga ƙarƙashin ƙafa. Takalmin wannan wasa yana ɗauke da wani siririn ƙarfe da aka kafa a tsaye daga yatsu zuwa diddige. Na masu tsere kaurinsa bai fi milimita ɗaya da 'yan kai ba, na masu wasan hoki kimanin milimita uku, na masu rawa da tsalle kuma ya ɗan ɗara haka. Idan wannan ƙarfe ya hau ƙanƙara, tirjiyar da ke tsakaninsu ƙanƙanuwa ce ƙwarai. Masu bincike a Holan da suka auna ta a jikin 'yan tsere sun samu cewa ba ta wuce kimanin kashi biyar cikin dubu na nauyin mutum ba. An daɗe ana koyar da cewa nauyin mutum ne ke matse ƙanƙarar har ta narke a ƙarƙashin ƙarfen, amma lissafi ya nuna cewa matsin ba ya sauke ma'aunin narkewa sai da digiri kaɗan, alhali ana zamiya lafiya lau a sanyin digiri 20 ƙasa da sifili. Tun a tsakiyar ƙarni na 19 masanin kimiyya Michael Faraday ya yi hasashen cewa fuskar ƙanƙara tana da wani ɓawo mai kama da ruwa ko da ba a taɓa ta ba, a 1939 kuma masana Bowden da Hughes suka nuna cewa zafin gogar ƙarfe da ƙanƙara yana da hannu a lamarin. Wani bincike da aka fitar a 2018, wanda masanan Jami'ar Amsterdam suka yi tare da takwarorinsu na Jamus, ya nuna cewa ƙwayoyin ruwan da ke can saman ƙanƙara ba su ɗaure da 'yan'uwansu sosai ba, suna yawo a sake, kuma santsin ya fi kai wa maƙura a wajen digiri 7 ƙasa da sifili, wanda ya yi daidai da sanyin da ake ajiye filayen tsere a kansa.

Muhimmancin wannan ga jikin ɗan Adam shi ne abin da ya kamata a tsaya a kansa. Mai tafiya a ƙasa, ko mai gudu, kowane taku da ya yi yana tura shi gaba ne kuma yana taka masa birki a lokaci guda, domin da ƙafa ta sauka sai ƙasa ta cinye wani ɓangare na saurin, dole a sake biya da sabon ƙarfi. Jiki ya saba da wannan ciniki tun ranar da mutum ya fara tafiya: ba motsi sai da wahala, kuma da an daina wahalar motsin ya tsaya. A kan ƙanƙara wannan ƙa'ida ta warware. Mutum zai tura ƙafa sau ɗaya zuwa gefe, ya ɗora nauyinsa a kan ɗayar, sai ya ga yana tafiya mita da yawa ba tare da ya ƙara komai ba, iska tana dukan fuskarsa, jikinsa kuma a tsaye cik. Masu bincike Federico Formenti da Alberto Minetti, waɗanda suka ƙera irin takalman da aka yi amfani da su a zamani daban-daban suka gwada su, tun daga na ƙashin dabbobi da mutanen arewacin Turai suka riƙa ɗaurawa shekaru dubbai da suka wuce, sun samu cewa da ƙarfin da mai takalmin ƙashi ke kashewa, mai takalmin zamani yana ninka saurinsa kusan sau huɗu. A 2019 ɗan Rasha Pavel Kulizhnikov ya yi mita 500 cikin daƙiƙa 33.61, wato fiye da kilomita 53 a awa ke nan, kuma daga tsaye ya fara. Mai koyo ba zai kusanci wannan ba, amma tun a makonsa na farko yana ɗanɗana abin da ƙafafunsa ba su taɓa ba shi ba, shi ya sa yawancin masu wasan idan aka tambaye su abin da suke ji sai su ce kamar tashi sama ne.

Sai dai wannan araha tana da sharaɗi, kuma a ganina a nan ne ainihin ƙugiyar take. Abin da jiki ya samu a sauƙaƙe, hankali ne ke biyan kuɗinsa. Mutum yana tsaye ne da dukkan nauyinsa a kan abin da bai kai kaurin fensir ba, a kan fili mai santsi da tauri, yawancin lokaci ma da ƙafa ɗaya. Ƙarfen masu rawa da na masu hoki ana wasa shi ne da ɗan kwarmi a tsakiya, ta yadda yake da kaifi biyu, na ciki da na waje, kuma duk wata kwana da juyi da tsayawa sun dogara ne ga wanne daga cikinsu mutum ya jingina a kai, da kuma yawan karkatar da ya yi. Domin a iya haka, sassan cikin kunne masu kula da daidaiton jiki, da idanu, da jijiyoyin tafin ƙafa da idon sawu da gwiwa, duk suna aika saƙo zuwa ƙwaƙwalwa ba ƙaƙƙautawa, ita kuma tana gyara tsayuwar kafin mutum ya ankara. Wanda ya bar tunaninsa ya tafi wajen bashin da ake bin sa ko rigimar wurin aiki, ƙanƙara za ta tuna masa nan take da ƙasa. Saboda haka tunanin da ke bin mutum ko'ina ba ya samun wurin zama. Mutane da yawa ba su da wani lokaci a yininsu da zuciyarsu ke yin shiru irin haka, kuma wanda ya gano wurin da ake samun wannan shiru cikin minti biyar ba abin mamaki ba ne ya riƙa komawa.

Masanin halayyar ɗan Adam Mihaly Csikszentmihalyi ya shafe shekaru tun daga wajejen 1970 yana nazarin wannan yanayi, inda mutum ke nutsewa cikin abin da yake yi har ya manta da kansa da wucewar lokaci. Ya lura cewa yanayin yana zuwa ne idan aikin yana da manufa bayyananniya, yana nuna wa mutum sakamakonsa nan take, kuma wahalarsa ta yi daidai da iyakar iyawar mai yinsa, ba ta yi sauƙin da za ta gundure shi ba, ba ta kuma yi tsananin da za ta firgita shi ba. Da wuya a sami wasan da ya cika waɗannan sharuɗɗa kamar zamiya a kan ƙanƙara. Ba ka buƙatar alƙali ya gaya maka ko ka yi daidai, domin ƙarar ƙarfen ma tana faɗa maka: kaifin da ya zauna daidai yana tafiya da wani sauti mai laushi, wanda ya karkace kuwa sai ya riƙa kankarar ƙasa. Kuma mai wasan shi ke da ikon ƙara wa kansa wahala daidai gwargwado, ya ɗan ƙara sauri, ya ɗan ƙara karkata, ya gwada ja da baya.

Daga nan sai batun koyo, wanda shi ne ya fi kusa da abin da ake nufi idan aka ce abu ya zama jaraba. A shekarun 1990 masanin ƙwaƙwalwa Wolfram Schultz ya yi gwaji da birai yana ba su ruwan 'ya'yan itace, ya gano cewa ƙwayoyin ƙwaƙwalwar da ke sakin sinadarin dofamin sun fi motsawa idan ladar ta zo ba zato, ko ta fi yadda aka zata. Idan kuwa dabbar ta riga ta san tabbas za ta samu, zuwan ladar ba ya tayar da su sosai. Tun kafin haka masanin halayya B. F. Skinner ya nuna cewa dabbar da ake ba lada jefi-jefi, ba bisa tsarin da za ta iya hasashe ba, ita ce ta fi nacewa kan aikin kuma ta fi wuyar dainawa. Koyon zamiya haka yake tafiya. Mutum zai gwada wani juyi sau da yawa yana kasawa, sai can ba zato ƙafa da kafaɗa da ƙugu su haɗu a wuri guda, abin ya fito sumul kamar ba shi ya yi ba, sannan ya sake gwadawa ya kasa. Duk wanda ya koyi keke yana yaro ya san wannan daƙiƙa, lokacin da mai riƙe masa sirdi ya saki bai sani ba, ya ga yana tafiya shi kaɗai, kuma ya san yadda ya ƙi sauka ran nan har magariba. Bambancin kawai shi ne keke sau ɗaya yake ba da wannan daƙiƙa, daga nan ka iya ke nan, ita kuwa ƙanƙara tana da ɗaruruwan irinta a jere, kowace tana jiran mutum a bayan wadda ya wuce.

Tsallen da ake kira Axel ya isa misali. Sunan wani ɗan Norway ne, Axel Paulsen, wanda ya fara nuna shi a gasa a 1882. Shi kaɗai ne a cikin manyan tsalle-tsallen wasan ake tashinsa ana fuskantar gaba, a sauka da baya, don haka kullum yana da ƙarin rabin juyi. Mai koyo yakan shafe watanni, wani ma shekaru, kafin ya sauke mai juyi ɗaya da rabi, kuma ranar da ya sauke shi ba ita ce ranar da ya mallake shi ba, domin yana iya ɓace masa na makonni ya sake dawowa. Bayansa akwai mai biyu da rabi, bayansa mai uku da rabi. Shekara 140 aka yi kafin a sami wanda ya sauke mai juyi huɗu da rabi a gasa, wato Ilia Malinin na Amurka a Satumban 2022 yana ɗan shekara 17, bayan gwarzon Japan Yuzuru Hanyu, wanda ya riga ya ci zinaren Olamfik sau biyu, ya gwada shi a gasar Olamfik ta Beijing a farkon 2022 bai sauke ba. Mutumin da ya mallaki duk abin da wasan ke bayarwa, amma ya ci gaba da jefa jikinsa a kan ƙanƙara saboda tsallen da ba ya kai daƙiƙa ɗaya a sama, ya nuna ƙarfin wannan abu fiye da duk wani bayani. Amma ya kamata a yi adalci a nan: hanyar ƙwaƙwalwar da wasan ke bi ita ce wadda caca ke bi, sai dai ɗan caca komai daɗewarsa bai ƙara ikon juya sakamako ba, shi kuwa mai zamiya kowace faɗuwa tana gyara wani abu a jikinsa, kuma abin da ya zo masa bisa dace a bana zai zama nasa baɗi.

Ga kuma abin da kowane motsa jiki mai tsawo ke bayarwa. Jiki yana sakin wasu sinadarai nasa na kansa da ke rage jin ciwo da damuwa, su bar mutum cikin nishaɗi na wasu awanni. Wannan ba na ƙanƙara kaɗai ba ne, masu gudu da masu ninƙaya ma suna samunsa, sai dai mai zamiya a hankali yana iya daɗewa yana yi domin gwiwoyinsa ba sa shan dukan da gudu ke jawowa.

A Holan an ƙara wa duk wannan wani abu, wato ƙaranci. Ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce mai cike da hanyoyin ruwa, kuma ɗaruruwan shekaru da suka wuce idan hunturu ya daskarar da su, takalmin ƙarfe ne hanyar zuwa kasuwa da ziyarar dangi a wani gari. Zanen Hendrick Avercamp na ƙarni na 17 ya nuna gari guda a kan ƙanƙara, mai kuɗi da talaka, yaro da tsoho. Yara suna koyo ne suna tura kujera a gabansu, a bakin ruwa kuma ana kafa rumfunan sayar da abin sha mai zafi da miyar wake. Amma sanyin ƙasar ba shi da tabbas, kuma ɗumamar yanayi ta ƙara rage shi, don haka ƙanƙarar Allah ta zama baƙuwar da ba a san ranar zuwanta ba, idan ta zo ma tana iya tafiya bayan kwana uku. Ka ga ke nan ladar da ke zuwa jefi-jefi ta tashi daga kan mutum ɗaya ta hau kan al'umma baki ɗaya. A Fabrairun 2012 an kai gab da yin gasar garuruwa 11, sojoji da 'yan sa-kai suna share dusar da ta rufe hanya, sai a ranar 8 ga watan shugabannin ƙungiyar suka sanar cewa ƙanƙarar ba ta kai ba a wasu wurare. A Fabrairun 2021, ana tsakiyar annobar korona, aka sami 'yan kwanakin sanyi, jama'a suka fita kan ruwa duk da gargaɗin hukuma cewa asibitoci ba su da sararin karɓar masu karaya.

Labarin da ƙasar ta fi riƙewa ma na wahala ne. A gasar 18 ga Janairun 1963 an tashi cikin sanyin digiri 18 ƙasa da sifili, ga iska ga dusa, kuma daga cikin masu yi don sha'awa fiye da 9,000 da suka fara, 69 ne kawai suka kai ƙarshe. Reinier Paping, wanda ya yi na ɗaya, ya shafe kusan awa 11 a hanya. Maimakon wannan ya tsorata mutane, sai ya ƙara wa abin daraja, har a 1986 yarima mai jiran gado Willem-Alexander, wanda shi ne sarkin ƙasar yanzu, ya shiga da sunan aro ya kuma kammala. Da jiran ya yi tsawo, sai 'yan Holan suka riƙa ɗaukar takalmansu zuwa tafkin Weissensee da ke Ostiriya kowane hunturu, su yi kilomita 200 ɗinsu a can. Sun kuma gina filaye masu rufi, irin su Thialf da ke Heerenveen, inda injin ke riƙe ƙanƙara, kuma daga irin waɗannan filaye ne ƙasar ta fitar da 'yan tseren da suka kwashe lambobi 23 cikin 36 na tseren doguwar hanya a gasar Olamfik ta Sochi a 2014. Birnin Ottawa na Kanada ma ya ɗanɗani irin wannan rashi a hunturun 2022 zuwa 2023, lokacin da hanyar ruwan Rideau mai tsawon kilomita 7.8, wadda wasu mazauna birnin ke bi zuwa wurin aiki a kan takalmin ƙarfe, ta kasa buɗewa karo na farko cikin fiye da shekara 50.

Ga yawancin masu yin wasan, wannan shaƙuwa alheri ce, domin tana ƙara musu lafiya da abokai da natsuwa. Amma akwai inda take juyewa ta zama cuta, kuma alamominta sanannu ne ga likitocin wasanni: mutum ya ci gaba da atisaye a kan rauni, ya shiga ƙunci da fushi duk ranar da bai je ba, ya riƙa ƙara awanni ba don ci gaba ba sai don gudun wannan ƙunci, karatu da iyali da aiki kuma su koma baya. Haɗarin ya fi yawa a ɓangaren rawa da tsalle, inda ake fara horar da yara tun suna 'yan shekara huɗu ko biyar, kuma ƙaramin jiki marar nauyi ya fi saurin juyawa a sama. Yarinyar da ta tashi ba ta san wata rayuwa ba sai ta filin ƙanƙara, idan balaga ta zo jikinta ya sauya, tsallen da ta mallaka ya fara kuɓuce mata, abu ne mai sauƙi ta ɗora laifin a kan abinci, musamman idan manyan da ke kewaye da ita ma can suke nunawa. Yulia Lipnitskaya ta Rasha, wadda ta ci zinare tare da tawagar ƙasarta a Sochi tana da shekara 15, ta bar wasan a 2017 tana da shekara 19 bayan ta yi jinyar cutar ƙin cin abinci. A 2017 ɗin kuma Gracie Gold ta Amurka ta janye daga gasa domin neman maganin damuwa da matsalar cin abinci. A nan abin da ke riƙe yaro ba daɗin zamiya kaɗai ba ne, akwai kuɗin da iyaye suka kashe, da burin masu horarwa, da tsoron rasa abin da aka san shi da shi, kuma alhakin rarrabe waɗannan yana wuyan manya ne, domin yaron ba zai iya ba. Bayan abin da ya faru a Beijing a 2022, inda 'yar shekara 15 ta tsinci kanta a tsakiyar rikicin shan haramtaccen magani duniya tana kallo, hukumar wasan ta duniya ta zauna a watan Yunin 2022 ta ɗaga mafi ƙarancin shekarun shiga gasar manya daga 15 zuwa 17, a hankali a hankali, har dokar ta cika aiki a kakar wasa ta 2024 zuwa 2025.